Yadda na gyara ƙ da ɗ da suka koma alamar tambaya a shafinmu

Mu huɗu 'yan aji ɗaya muka haɗa shafin intanet domin mutanen unguwa su rubuta abin da suka tara, robar ruwa, gwangwani, leda ko ƙarafa, sai 'yan bola jari su je su ɗauka. Ranar gwaji wata baiwar Allah ta cike fom, sai "ƙarafa" ya fito "?arafa", Ƙofar Mata ta zama "?ofar Mata". Mai ɗaukar kaya ina zai dosa da wannan adireshi?

Na fara zargin salon haruffa, na sauya zuwa Noto Sans, ba ta canza zani ba. Na duba charset="UTF-8" a saman shafin, wato layin da ke nuna tsarin haruffan shafin, yana nan. Layin set_charset("utf8mb4") na PHP, yaren da ke haɗa shafin da rumbun bayanai, shi ma lafiya lau.

Sai a rana ta uku na lura cewa rubutun da muka sa da hannu a HTML, wato cikin shafin kansa, yana fitowa daidai, wanda ya bi ta MySQL, rumbun da ke adana bayanan fom, shi kaɗai ke lalacewa. Na buɗe phpMyAdmin, manhajar duba rumbun, ashe teburin da bayanan ke shiga yana kan latin1_swedish_ci, tsarin da babu haruffanmu masu ƙugiya a cikinsa.

Na fara ajiye kwafin bayanan ta Export. Sannan a akwatin SQL, inda ake ba rumbun umarni, na rubuta:

ALTER TABLE kaya CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4 COLLATE utf8mb4_unicode_ci;

Wannan ya maida teburin "kaya" utf8mb4, tsarin da ke ɗauke da haruffanmu. Na maida rumbun bayanan shi ma utf8mb4 saboda sabbin tebura. Na rubuta "ƙarafa", ya fito cas. Alhamdulillahi.

Tsofaffin layukan kam ba su dawo ba, domin alamar tambayar ce aka adana. Da hannu muka sake rubuta su.