Kafin ka tura wa jama'a bidiyon motar da ba direba

Aikina gyaran wutar mota ne a nan Tawa, kuma na daɗe a kai har yaran da na koya wa sun buɗe nasu garajin. Shi ya sa duk wanda bidiyon mota ya faɗo wa a WhatsApp, ni yake kawo wa. Da la'asar a fadarmu, ba a ma sauke shayin farko ba za ka ji an ce, "Malam, dubi ikon Allah, mota ba direba!" Washegari wani ya zo da wata tana ci da wuta a bakin titi, ya ce ai motar lantarki ta gama yawo. Mutum ɗaya ma yakan tura duka biyun cikin mako guda. Ga yadda nake tankaɗe irin waɗannan labarai.

Fara da kujerar direba. Tsayar da bidiyon, ka buɗe hoton da yatsu biyu, ka duba ko akwai mutum zaune bayan sitiyari. Ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta raba tuƙin kai daga mataki 0 zuwa 5, amma masu talla da ƴan jarida da yawa kan zuba su cikin ƙwarya ɗaya. A mataki na 2 motar tana riƙe layinta, tana rage gudu in ta gabanta ta rage, amma dole idon direba ya kasance kan hanya, kuma in an yi ɓarna shi za a kama. Autopilot, tsarin tuƙin motocin Tesla, nan yake, duk da girman sunansa. Mataki na 4 shi ne wanda babu kowa a gaba da gaske, irin taksin Waymo da ya fara ɗaukar jama'a haka a Phoenix ta Amurka a 2020, daga baya San Francisco da Los Angeles, ko na Baidu a birnin Wuhan na Sin. To su ma a cikin shinge suke kiwo. Sai unguwannin da aka zana taswirarsu tsaf suke shiga, kuma akwai ma'aikata zaune gaban kwamfuta suna jiran motar ta rikice ta nemi shawara. Mataki na 5, wato motar da za ka ce mata ta kai ka Abalak ta bi duk hanyar da ta samu, babu wanda yake sayar da ita.

Sai ka kasa kunne ga kalma biyu, "an" da "za a". A 2019 Elon Musk, shugaban Tesla, ya ce kafin 2020 ta ƙare Tesla za ta samu taksi miliyan ɗaya masu tuƙa kansu a kan hanya. Shekarar ta zo ta wuce babu su. In labari cike yake da "za a", ajiye shi a layin alkawari, ka nemi ranar da aka fara faɗarsa. Haka bidiyo. Ɗauki hoton allon wayarka ka saka a Google Lens, manhajar da ke nemo asalin hoto, sau da yawa za ka tarar abin ya shekara biyar yana yawo, ko a filin gwajin kamfani aka ɗauke shi.

Labarin haɗari shi ne inda na fi daɗewa, domin nan kowa ke ɗaukar rabin da ya yi masa daɗi. A watan Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kashe wata mata da ke tura kekenta tana tsallaka titi da dare. Masu bincike sun gano na'urar ta hango ta da ƴan daƙiƙoƙi, amma ta kasa tsai da magana kan ko mota ce, ko keke, ko wani abu dabam. Ita kuma ma'aikaciyar da aka zaunar a gaba don tsaro, idonta na kan wayarta. A Oktoban 2023 a San Francisco, mota mai direba ce ta fara buge wata mata ta jefa ta gaban taksin Cruise mara direba, shi kuma ya ja ta kusan mita shida yana neman gefen da zai tsaya. Hukumar jihar Kalifoniya ta dakatar da lasin kamfanin, tana cewa bai nuna mata cikakken abin da ya faru ba, kuma a Disamban 2024 General Motors, uwar kamfanin Cruise, ya daina zuba kuɗi a harkar. Wanda ke ƙin motocin ba zai gaya maka direban farko ba, wanda ke son su ba zai gaya maka mita shidan ba. Karanta har ƙasa, domin abin da ke sauya labarin yakan ɓuya a sakin layi na biyar. Ka kuma tuna Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Wanda ya saba bin hanyar Konni ba sai an rantse masa ba. Waɗannan ba su zagaya duniya a waya, saboda mun saba da su.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin Tempe shi ne keken nan. Na'urar da keke ya rikita, me za ta kira amalanken jaki ɗauke da kara ba fitila, ko garken shanu a kan kwalta da magariba, ko ɗan kabu-kabu da ya ɗauko mutum biyu da rago?

Game da gobara, kada ka yarda da hoton hayaƙi kawai, nemi abin da ƴan kwana-kwana suka ce. A Oktoban 2023 wuta ta cinye motoci fiye da dubu a ma'ajiyar motocin filin jirgin Luton a Ingila. Kafin gari ya waye intanet ta yanke hukunci cewa motar lantarki ce. Masu kashe gobarar suka ce daga motar dizal ta tashi. Wannan ba ya wanke batir. General Motors ya janye dukan motocin Chevrolet Bolt a 2021 saboda aibin batir da ke iya kamawa da wuta, kuma batirin litiyom in ya kama yana da wuyar kashewa, yakan ma sake tashi bayan an yi zaton ya mutu.

Lissafi kuma, tambayi "cikin nawa" da "wace iri". In an ce kusan kashi 89 cikin 100 na motocin Norwe na lantarki ne, ana nufin sababbin da aka sayar a 2024, ba dukan waɗanda ke kan titi ba. In an ce an sayar da fiye da miliyan 17 a duniya a wannan shekarar, an haɗa har da masu tankin mai da batirin caji tare, kuma fiye da rabi a Sin aka sayar.

Daga nan sai ka ɗauko labarin ka ɗora shi kan hanyarmu. Daga Tawa zuwa Yamai, ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso, kusan kilomita 550 ne. Ƙaramar motar lantarki takan ci kilowat-awa 15 zuwa 20 a kilomita 100, wato kusan 100 ke nan a tafiyar, alhali batirin da yawansu 40 zuwa 60 yake ɗauka. Ka kunna sanyi a zafin Afrilu, abin ya ƙaru. Soket ɗin gida kuwa, mai ba da kilowat biyu, sai ya yi kusan kwana da wuni kafin ya cika batir mai 50. Zafi ma maƙiyin batir ne. Nissan Leaf ta farko, wadda ba a yi wa batirinta ruwan sanyaya ba, masu ita a Arizona sun yi kuka tun 2012 cewa ƙarfinsa ya ragu da wuri, kuma zafinsu bai fi namu ba. Sai maganar wutar kanta. In ka ji Habasha ta hana shigo da motocin mai a 2024, ka haɗa da cewa tana da babbar madatsar ruwa a kan kogin Nilu mai ƙarfin fiye da megawat 5,000. Mu kuwa mun ga abin da ya faru a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu a lokacin. Muna da rana, ga tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018 da ta Gorou Banda mai 30, amma mai kuma muna tace namu a matatar SORAZ tun 2011. Lissafinmu ba na Habasha ba ne, ba na Norwe ba.

Wannan ba ya nufin babu inda lantarki zai yi aiki a nan. Ƙanena yana son sayen adaidaita mai batir don zirga-zirgar cikin gari, kuma ban hana shi ba, domin gajeren zango da caji da dare shi ne inda abin ya fi dacewa. Na dai ce ya ajiye bidiyon tallar da aka turo masa, ya tambayi mai sayarwa garantin batirin a rubuce, shekara nawa ko kilomita nawa, kuɗin sabon batir in wannan ya gaji, da kuma wanda ke da kayan gyaransa tsakanin nan da Yamai. Ya ce mini, "Yaya, in ya ce akwai fa?" Na ce ya karɓo lambar mai gyaran, zan kira shi da kaina.