Yadda ake gwada ko bakteriya mai giɓin ƙwayar gado za ta rayu a cikin ƙasa

Tambayar gajeruwa ce: bakteriyar da aka cire wa ƙwayar gadon da take haɗa wani amino asid (tubalin gina furotin) da ita, in an zuba ta a ƙasa, ƙasar za ta ciyar da ita ko kuwa? A 1997 masu bincike a Jami'ar Leiden ta Holan sun nuna cewa Pseudomonas fluorescens da ba ta iya haɗa amino asid irin su lusin ko arginin ko histidin ba ta kama saiwar tumatir yadda ya kamata, sai an ƙara mata abin da ta rasa. Ɗalibi a Damagaram zai iya yin irin wannan gwaji da kwalabe 12 da ƙasar gona. Yawancin masu farawa kuwa sakamako ɗaya suke kawowa, "babu bambanci", kuma kusan kullum tun kafin ƙwayar ta taɓa ƙasa aka ɓata aikin.

Fara da iri biyu, mai giɓi da cikakkiya. Mafi sauƙin aiki su ne na tarin Keio, wato E. coli K-12 da aka cire wa ƙwayar gado ɗai-ɗai aka maye gurbin da alamar jure maganin kashe bakteriya kanamisin. Ɗauki wadda aka cire wa leuB, ba ta haɗa lusin. Cikakkiyar ma ta kasance mai wannan alama, giɓinta a wurin da bai shafi amino asid ba. In ka gwama mai alama da marar alama, abu biyu ka canza a lokaci guda. Kafin komai, shafa kowacce a faranti biyu na M9, abincin rainon bakteriya da babu amino asid a cikinsa, ɗaya da lusin mikirogiram 50 a kowace mililita, ɗaya babu. In mai giɓin ta tsiro a wanda babu, irinka ya gauraye, kada ka ci gaba.

Sai ƙasa. Ɗebo ta daga santimita 15 na sama, ka shanya a inuwa, ka tankaɗe da rariya mai ramin milimita 2. Ƙasar jigawa da ake noma hatsi a kewayen Damagaram yashi ce, abin da ya ruɓe a cikinta yawanci bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa na fi son ta ga mai farawa: ba ta da abin ɓoyewa. Ƙasar fadama irin ta lambunan Gidimuni a bari sai gwaji na biyu, don laka tana riƙe wasu amino asid kamar lisin (daban yake da lusin) da arginin, sai lissafi ya cakuɗe. Zuba giram 50 a kowace kwalba. Kwalaben mayonez da aka wanke sun isa, ba sai an sayi na labo ba.

Dafa ƙasar a otokilaf, tukunyar tururi ta labo mai kashe ƙwayoyi, digiri 121, awa ɗaya, kwana uku a jere. Sau ɗaya ba lalle ya kashe duk ƙwayoyin Bacillus da suka ƙudundune ba. Amma ka san dafawa tana fasa gawar ƙwayoyin da ke ciki, ta saki amino asid da amoniyam, don haka ƙasa dafaffiya ta fi ɗanya abinci. Bar ta ta huta mako guda a rufe. Wanda ba shi da otokilaf yana iya amfani da kokot ta girki, ya ƙara lokaci, domin ba kowace ce take kaiwa 121 ba.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Ɗalibi ya raini ƙwayarsa a LB, romon rainon bakteriya, dare guda, da safe ya ga ruwan ya yi kauri, ya ja mililita ɗaya ya tsiyaya a ƙasa. Shi ke nan, ya kashe gwajin da hannunsa. Lita ɗaya ta LB tana da tirifton giram 10 da tsamin yis giram 5, tirifton kuwa furotin ɗin madara ne da aka narkar, kusan kashi ɗaya cikin goma nasa lusin ne. Wato ka aika mayunwaci daji da guzuri a kafaɗa, sannan kana mamakin bai rame ba. Wanki wajibi ne. Juya ruwan a santirifuj, injin da ke kwantar da ƙwayar a ƙasan bututu, minti 10 da ƙarfin juyi 5000 × g, zubar da na sama, ka dama dunƙulen da ya kwanta a ruwan gishiri, giram 8.5 a lita. Sau uku. Dama shi sosai har kada ka ga gudaji ko ɗaya in ka ɗaga bututun a haske, don tsohon romo a cikin gudajin yake laɓewa. Masu gaggawa suna tsayawa a wanki ɗaya, sai kuma ɗigon da ya maƙale a bakin bututu ya koma ciki. Kifa bututun a kan takarda mai tsafta ya tsane tukuna.

Ko bayan wanki na uku akwai saura, domin ƙwayar tana da ɗan ajiya a cikinta. Saka ta a M9 mai gulukos, babu lusin, awa uku, ta cinye ajiyar. Cikakkiyar ma a bi da ita ta hanya ɗaya, minti da minti. A wannan zama ne furotin ɗin RelA yake jin ribozom, masaƙar furotin ta ƙwayar, ya tsaya babu amino asid, ya haɗa sinadarin gargaɗi ppGpp, ƙwayar ta rage girma ta shiga tsimi. Wannan yana da amfani wajen karanta sakamako: mai giɓi ba lalle ta mutu nan take ba, tana iya yin likimo kwanaki ba ta ƙaru ba. Rayuwa daban, yaɗuwa daban. In kana so bambancin ya fito fili, ƙara gulukos miligiram 1 a kowane giram na ƙasa a duk kwalaben. Cikakkiya za ta hau, mai giɓi ta tsaya inda take.

Ruwa kuma a auna shi, kada a yayyafa da ido. Jiƙa giram 100 na ƙasar a mazurari mai takardar tacewa, bar shi ya tsane, ka ga nawa ta riƙe. In ta riƙe mililita 24, kashi 60 cikin 100 na hakan ake so, shi ne 14.4, wato 7.2 ga kwalbar giram 50, har da mililita ɗayan da ƙwayar take ciki. Daidaita ƙwayar ta kai miliyan 500 a mililita, ka sami miliyan 10 a giram. Rukuni huɗu ne, kowanne kwalba uku: cikakkiya da lusin, cikakkiya babu, mai giɓi da lusin, mai giɓi babu. Lusin miligiram 2.5 a kwalba ya wadatar.

Auna nauyin kowace kwalba ka rubuta a jikinta, bayan kwana biyu-biyu ka cika abin da ya ragu da ruwan distile dafaffe. A bazara, Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, yashi yana bushewa kafin ka ankara, sai ka wayi gari ƙishirwa kake gwadawa. In kuran ba tabbas, randar Mirya da aka kafa cikin jiƙaƙƙen yashi a ɗaki ta fi inkubatar da ke mutuwa tana tashi. Jefa ma'aunin zafi ciki ka riƙa rubutawa.

Ƙirga a rana ta 0, 1, 3, 7, 14 da 28. Giram ɗaya cikin ruwan gishiri mililita 9, girgiza minti biyu, sirka goma-goma, shafa mililita 0.1 a LB mai kanamisin, ka ƙirga farantin da ke da tsiro 30 zuwa 300. Mayar da lissafin kan busasshiyar ƙasa, wadda ta kwana a digiri 105. A ranar ƙarshe ɗauki tsiro ashirin daga mai giɓi ka sake shafawa a M9 marar lusin, ka tabbata ita ce dai. In ka maimaita da ɗanyar ƙasa, ƙwayoyin gida suna cinye amino asid cikin 'yan awoyi, sai an riƙa ƙarawa, kuma farantin yana son nistatin saboda fumfuna. Kwalabe da farantai da ƙasar duka su koma otokilaf kafin a zubar. Irin da aka taɓa wa gado ba ya fita labo da rai.