Ga masu tura wa tsofaffi kuɗin abinci

Jama'a, masu iyaye a gida, ku rage tura kuɗin abinci a dunƙule. Na gani a kan Inna a Argungu: kuɗi na shiga hannunta, jikoki da masu biki za su wawashe, ita ta kwana da kunu tsararo. Kuma ba za ta faɗa ba, kunya.

Yanzu da kaka nake sayo gero da shinkafa, lokacin da tiya ke da sauƙi, kafin damina ta ɗaga farashi. Wake kuwa a shanya shi ya bushe ƙayau, a cika jarka, a toshe bakin gam. Ƙwari ba sa rayuwa babu iska. Mai niƙa ma ina biyansa na wata, tunda ƙarfin daka ya ƙare mata.

In kun je gida, ku buɗe tukunyar iyayenku da kanku.