Yadda za ka san tarihin ƙauyen Ingila cikin yini ɗaya

Tun da na dawo Kumasi daga wurin 'yata da ke aikin jinya a Shefil, 'yan majalisarmu a Aboabo suke tambayata abin da ake kallo a ƙauyen Turawa. To ga yadda na bi da Eyam, wani ƙauye kusa da Shefil da masu shi ke kira "Im".

Ka duba lokacin bas tun kana gida. Can ba tashar Kejetia ta Kumasi ba ce, inda torotoro, ƙaramar motar haya, ke cika wata na shigowa. In ta wuce ka, sai ka sha zama cikin sanyi.

Da ka sauka, kada ka nemi gidan sarki kamar yadda baƙo ke yi a Zango, don babu. Nufi coci. Na ɗan yi jim a bakin ƙofa, 'yata ta ce, "Baba, shiga, tarihi ka zo gani." Tun 1538 aka umarci cocin Ingila su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, shi ya sa sunayen mutanen gari suke can.

Daga nan ka bi gidaje kana karanta allunan da aka kafa a gabansu. A 1665 aka kawo wa wani tela ƙunshin yadi daga Landan, ashe da annoba a ciki. Limamin cocin, William Mompesson, ya shawo kan mutane suka killace kansu, ba shiga ba fita, don kada cutar ta kai maƙwabta. Kimanin mutum 260 suka rasu. Elizabeth Hancock ita kaɗai ta binne mijinta da 'ya'ya shida cikin kwana takwas. Na daɗe tsaye a kaburburan, domin abin da suka yi shi ne abin da malamanmu ke karantarwa game da garin da annoba ta shiga.

Ka taka har dutsen iyaka, a hanyar Stoney Middleton. Yana da ramuka inda suke zuba ruwan tsami na binega su jefa kuɗi, masu kawo abinci su ɗauka. Hanyar ta ratsa makiyaya, kuma doka ta yarda ka bi, amma duk ƙyauren da ka buɗe ka rufe, saboda tumaki.

Gaisuwa kuwa, ka taƙaita. Kada ka tambayi iyali da gajiya. Yi zancen ruwan sama, tsoho zai saki baki. In da hali ka je Lahadin ƙarshe ta Agusta, ranar da suke taruwa a fili suna tuna mamatan annobar. Ka riƙe laima.