In an hana ka kuɗin naƙasa a Amurka, ga yadda ake kai maganar kotu

Da farko kar ka ruga kotu, sai ka gama da hukumar Social Security (mai biyan kuɗin naƙasar) tukuna, a sake duba fayil ɗinka, ka zauna gaban alƙalinsu, sannan kwamitin ɗaukaka ƙararsu. In nan ma sun ƙi to kwana 60 gare ka daga ranar da wasiƙar ta iso, ka shigar da ƙara a kotun tarayya ta yankinka, dan Allah kar ka yi wasa da kwanakin nan. Nemi lauya, yawancinsu sai an ci nasara suke karɓar kuɗi. Ba ka da kuɗin rajistar ƙarar? Cike fom ka roƙi a yafe maka. Kuma fa alƙalin kotun tarayya abin da ke fayil kawai zai duba ko an yi kuskure, ko ka yi nasara galibi hukumar zai mayar wa a sake zama.