Darasi Na 6: Hannun Da Ke Riƙe Da Fensir

To jama'a, yau kafin a fara rubutu kowa ya ajiye fensir ya buɗe tafin hannunsa ya kalle shi da kyau. Ƙasusuwa 27 ne a hannun nan daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, hannu biyu 54 kenan, kuma duk jikin babban mutum guda 206 ne, wato sama da rubu'in ƙasusuwan jiki Allah ya tara su a nan. Af, ku kula wajen rubuta ƙashi, ƙ mai lanƙwasa ce, in ka manta ka sa k kawai to magana ta ɓaci, kun dai gane.

Yanzu ku gwada wani abu. Lanƙwashe babban yatsa cikin tafi, ɗauki fensir da sauran huɗun, rubuta sunanka. Ya ka gani? Rubutun ya koma kamar kaza ta yi tono. Shi fa babban yatsa ƙashi 2 ne kacal a cikinsa, sauran suna da uku-uku, amma shi kaɗai ke iya juyowa ya taɓa kan kowane ɗan uwansa, shi yasa kake iya zura zare a allura ko ɓalle maɓalli ba tare da ko tunani ba. Kuma abin da ya fi ɗaure min kai, tsokar da ke motsa yatsu ba a cikin yatsun take ba, tana tafi da kuma tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, jijiyoyi ne ke jan su kamar igiya. Dafa wajen da ɗayan hannun ka motsa yatsu, za ka ji tana motsi.

Sai zanen kan yatsa. Da yawanmu mun sha dangwala shi a takarda lokacin da ba mu iya sa hannu ba, wani har kunya yake ji, ni kam ban ga abin kunya ba, don zanen nan tun kana cikin mahaifiyarka aka yi maka shi, ko tagwayen da ake kasa bambantawa nasu ba ɗaya ba ne. A Suratul Ƙiyama aya ta 4 Allah yana faɗa mana yana da ikon daidaita har kawunan yatsun mutum ranar tashi. Subhanallah.

Aikin gida: zauna ka huta, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa (kar ka sa shi kansa, yana da nasa bugun, zai rikita maka lissafi), ƙirga bugun jijiyar da kake ji na minti ɗaya. Yawanci babba yana samun 60 zuwa 100. Rubuta lambar da ka samu, a ƙasanta ka rubuta ƙashi, yatsa, jijiya, kowanne sau biyar.