Shawara ga mai son zuwa Jáchymov

Jama'a, duk wanda ya je Karlovy Vary a ƙasar Cak kada ya juyo bai leƙa Jáchymov ba. Ƙasa da awa guda ce a bas, a cikin tsaunukan Krušné hory, dab da iyakar Jamus.

Garin yana cikin kwazazzabo ne, titi ɗaya dogo mai hawa, don haka ku sauka ta sama ku gangaro a ƙafa. Gwiwa za ta gode muku. Ku ɗauki rigar sanyi ko da rani ne, ku kuma riƙe koruna, kuɗin ƙasar, a aljihu. Guzurin abinci ma ya fi, halal sai an sha wuya.

Ku fara da tsohon gidan buga kuɗi da aka mayar gidan tarihi. A 1516 aka kafa garin saboda azurfa, cikin 'yan shekaru ya zama na biyu a yawan jama'a a Bohemiya (yammacin ƙasar Cak ta yanzu) bayan Prague. Yau bai kai mutum dubu uku ba. Daga ragowar ma'adinin yuraniyam na garin nan ne Marie Curie da mijinta suka gano sinadarin radiyam a 1898.

Abin da ya fi tsaya min shi ne hanyar da ake kira Jáchymovské peklo. Tana ratsa tsofaffin sansanonin da gwamnatin gurguzu ta tilasta wa fursunonin siyasa haƙar yuraniyam a shekarun 1950. Ku ba ta rabin yini da takalmi mai ƙarfi. In lokaci ya rage, ku haura ƙaramin garin Boží Dar, kusa da dutsen Klínovec mai tsayin mita 1,244.